Yadda ake haɗa ƙaramin jirgin yaƙi na roba a cikin ƙurar Maraɗi

Duk yaron da ya tashi a Bagalam ko Mokoyo ko Ɗan Gulbi ya taɓa ƙera motar kara, ko ya lanƙwasa waya ya yi mata taya da murfin kwalba. Hannun da ya iya wannan, haɗa jirgin roba ba zai gagare shi ba. Bambancin kawai, a nan wani kamfani ne ya auna jirgin gaske, ya rage shi, ya zuba robarsa gunduwa-gunduwa cikin kwali, ya bar maka yanka da liƙi da fenti. Sai dai takardar bayanin da ke cikin kwalin, don mai zama a ɗaki mai sanyi aka yi ta, inda ƙura ba ta leƙawa. Mu kuwa rabin aikinmu kokawa ce da hazo da zafi. Zan bi aikin daki-daki yadda yake yiwuwa a garin nan, da jirgi guda ɗaya, wato Hawker Hurricane.

Me ya sa Hurricane

Mutane sun fi sanin Spitfire, kuma da shi kamfanin Airfix na Ingila ya buɗe jerin jiragensa na roba a shekarun 1950. Amma Hurricane ya fi kusa da mu. Sydney Camm ne ya zana shi, ya fara tashi ranar 6 ga Nuwamba 1935, kuma an ƙera sama da 14,000. Da Faransa ta faɗi hannun Jamus a watan Yuni 1940, Italiya kuma ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, kai jirage Masar ta tekun Bahar Rum ya zama kasada. Sai Ingilishi suka riƙa kawo su cikin akwatuna zuwa Takoradi ta ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su can, su tashi su bi ta Ikko, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda ita ce Njamena yanzu, su ratsa Sudan har Khartum, sannan Alƙahira. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba 1940, Hurricane shida da Blenheim ɗaya, jirgi mai jefa bom, yana yi musu ja-gaba. Dubban jirage sun bi wannan hanya. Lokacin Nijar tana hannun gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa da ta haɗa kai da Jamus, Cadi kuwa gwamnanta Félix Éboué ya riga ya bi de Gaulle tun watan Agusta, shi ya sa hanyar ta bi ta kudu da mu ta faɗa Cadi. Ka ga ke nan jirgin da za ka ɗora bisa teburinka, ƴan'uwansa sun sha mai a Kano, nan bayan Katsina.

Ga mai koyo ma ya fi sauƙi. Ƙafafunsa a buɗe suke, yana tsayawa daram, ba kamar na Spitfire masu matsewa ba. Fentinsa na hamada kuma launin ƙasarmu ne.

Ma'auni da samun kwalin

A jikin kwali za ka ga 1/72 ko 1/48. Ma'anar 1/72, kowane santimita ɗaya a jikin ƙaramin, santimita 72 ne a jikin na gaske. Faɗin fukafukan Hurricane mita 12.19 ne, saboda haka naka zai zo kusan santimita 17, abin da tafin hannu zai ɗauka. A 1/48 zai kai santimita 25. Fara da 1/72. Gutsattsarinsa kaɗan ne, ba ya cin fenti, in ka ɓata shi kuma ba za ka kwana da ciwon rai ba.

Airfix da Revell da Hasegawa da Arma Hobby ta Poland duk suna da Hurricane a wannan ma'auni. Na Arma ya fi kyau, amma ƙananan abubuwansa sun yi wa mai fara koyo yawa. Duba ko akwai matatar ƙura ta Vokes a ciki, wannan kumburin da ke ƙarƙashin hancin jirgin kamar maƙoƙo. In babu ita, jirginka na sararin Ingila ne, ba na hamada ba.

Ni dai ban taɓa cin karo da irin wannan kwali a babbar kasuwa ba. Ko ka yi saƙo wajen mai dawowa daga Faransa, ko ka saya ta intanet a kai wa wani naka a Yamai ko Kano ya turo maka. Sau da yawa kuɗin aike ya fi kuɗin kayan, don haka in za ka saya, haɗa da gam da fenti a tafiya guda. Ka kuma roƙi mai kawowa kada a ɗaura shi bisa rufin mota. Nawa na biyu haka aka yi masa, ya yini cikin rana, fiffike ɗaya ya iso a murɗe kamar busasshen ganyen mangwaro. Maganin wannan, ka tsoma shi cikin ruwan zafi wanda bai tafasa ba, ka miƙar da shi a hankali da yatsu, ka dulmiya shi cikin ruwan randa yana a miƙe.

Kayan aiki

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yawancin abin da kake bukata yana nan cikin gari: abin yankan akaifa sabo, reza ko wuƙar tiyata daga farmasi, hantsaki, tsinken sakace, audugar kunne, maƙalan shanya, robar ɗaure kuɗi, da samfefa mai laushi lamba 400 da 600 da 1000 daga wajen masu fentin mota. Burushi biyu sun isa, ɗaya mai faɗi kamar rabin santimita, ɗaya mai tsini. Nemi tef ɗin takarda na masu fenti. Mai ƙyalli da ake naɗe kwali da shi yana tsige fenti.

Gam ne abin da ba ya son dabara. Robar jiragen nan polistirin ce, gam ɗinta kuwa ba manne yake yi ba, narkar da fuskokin biyu yake su zama abu ɗaya, kamar walda. Tamiya Extra Thin ko Revell Contacta, ɗaya daga ciki ya ishe ka. Sufa-gulu na teburin mai shago yana da ranarsa, amma yana kamawa kafin ka daidaita, kuma tururinsa yana sa gilashi ya yi fari fat. Shi gilashin matuƙi, farin gam na kafinta ake sa masa. Ajiye kwalbar gam da gwangwanayen fenti a gindin randa, a rufe gam. In ka bar su a taga cikin watan Afrilu, kafin ka waiwaya sun ƙafe.

Wanka, yanka, gwaji

Zuba ruwa a roba da ɗigon sabulun wanke-wanke, ka wanke rassan robar da gutsattsarin jirgin ke jikinsu gaba ɗaya, ka ɗauraye, ka bari su bushe a inuwa. Akwai ɗan maiƙo daga masana'anta da ke hana fenti zama.

Karanta takardar tun daga farko har ƙarshe kafin ka yanke komai. Ko ba ka jin harshen, hotuna ne da lambobi. Kada ka ɓalle abu da hannu, kuma kada ka cire shi sai lokacinsa ya yi, don lambar tana jikin reshe, ba jikinsa ba. Yanka nesa kaɗan, sannan ka share ragowar da reza, bakin rezar yana kallon waje. Ƙananan abubuwa irin sandar tuƙi, yanke su cikin leda mai haske, in ba haka ba su yi tsalle su faɗa tabarma, sai dai wani ba su ba.

Ga abin da na fi nanatawa: kowane abu biyu, gwada su a bushe kafin gam ya taɓa su. Haɗa, ɗaga sama wajen haske, duba inda haske ke ratsawa. In akwai tudu, kankare shi yanzu. Minti biyar a nan yana raba ka da awa guda ta cike rami a gaba.

Mazaunin matuƙi

Tun ran gini, ran zane. Da zarar ka rufe gangar jiki, burushi ba zai ƙara shiga ciki ba. Bangon ciki kore ne mai toka-toka, fentin Humbrol lamba 78. Allon agogo baƙi, lamba 33. In ya bushe, dangwali farin fenti da bakin tsinke ka ɗiɗɗiga a kan agogunan. Yanka siraran tef biyu, ka shafa musu launin kaki, ka ɗora bisa kujera su zama ɗamarar matuƙi.

Akwai ɗan mutum-mutumin matuƙi a cikin kwalaye da yawa. Wasu a cikinmu ba sa son ajiye surar mai rai a ɗaki, sai su bar shi a reshe, kuma babu abin da jirgin ya rasa. Ni ma ba na sa shi, don yana rufe kujerar da na ɓata dare wajen gyara ta.

Inda gam zai bi, kankare fentin wurin, don gam ba ya cin roba ta bayan fenti.

Gangar jiki da fukafukai

Haɗa ɓarin dama da na hagu a bushe, riƙe su, sannan ka taɓa bakin burushin gam a kan layin haɗin. Da kansa zai bi layin, kamar yadda kananzir ke bin lagwani. Jira kamar daƙiƙa goma, ka matse. Za ka ga narkakkiyar roba ta ɗan bulbulo. Kada ka goge ta, ita ce za ta cike layin. Kula da yatsunka, in gam ya shiga ƙarƙashinsu zanen yatsanka zai zauna a jikin jirgin. Ɗaure da robar kuɗi, fukafukai kuma ka kama su da maƙalan shanya, ka bar su su kwana.

Washegari kankare layin da gefen reza a tsaye, ka bi da samfefa 400, 600, 1000, kana jiƙa ta da ruwa. A nan Hurricane yake da tarko. Daga bayan matuƙi zuwa wutsiya, jikin na gaske ba ƙarfe ba ne, yadi ne aka ja bisa siraran katako, shi ya sa za ka ga layuka a jere kamar haƙarƙari. In ka matsa da samfefa sai su shafe. Liƙa tef dama da hagu, ka bar tsakiyar kawai a buɗe.

In rami ya rage a gindin fiffike, yanyanka ragowar reshe ƙanana-ƙanana cikin ƴar kwalba, zuba gam a kai, bayan kwana ɗaya zai zama kamar kunu mai kauri. Shafa da tsinke, ka ba shi kwana biyu. Mastik na masu gyaran jikin mota ma yana yi, amma ɗan kaɗan, don wani yana cin roba.

Kafin gam ɗin wutsiya ya kama, tsuguna ka dubi jirgin ta gaba, ido ɗaya a rufe. Ƙananan fukafukan baya su kwanta daidai, na tsaye ya miƙe sak. Karkataccen jirgi, ko makaho ya shafa ya sani. Ƙafafu da farfela da bututun hayaƙi da eriya, ajiye su sai ƙarshe.

Gilashin Hurricane sanduna ne birjik kamar tagar gidan gwamnati. Liƙa tef a kai, danna da tsinke har sandunan su fito, bi gefensu da sabuwar reza, ka ɗaye na kan sandunan ka bar na kan gilashi. Wannan aikin na safiya ne, lokacin da ido bai gaji ba.

Fenti, inda Maraɗi take gwada mutum

Launi uku ne. Ciki shuɗi mai haske, Humbrol 157. Sama launin rairayi, lamba 225, da ruwan ƙasa mai duhu, lamba 29. Fentin Humbrol na ƙaramin gwangwani mai mai ne, da farin tina mai sanyi ake tsinka shi, wanda masu kanti ke kira wayit sifirit. Tina mai ƙarfi ta masu fentin mota kuwa, ɗigo ɗaya zai narka maka fiffike. Akwai fentin ruwa irin na Vallejo da Tamiya, ba shi da wari sosai, amma a hunturu yana bushewa a bakin burushi kafin ya isa jikin jirgi. Shi ya sa a ganina mai burushi a garin nan ya fara da mai mai. Yana ba ka lokaci, yana kwanciya da kansa. Buɗe ƙofa saboda warin, ka kore yara.

To amma fentin da ke jinkirin bushewa shi ne abokin ƙura. A watannin Disamba zuwa Fabrairu iska ta bushe ƙayau, roba tana jan ƙura da kanta, kamar yadda biro ke ɗaukar takarda in ka goga shi a kai. Ga yadda nake yi. Bayan sallar asuba, kafin a fara shara a tsakar gida, kafin ƴan kabu-kabu su tayar da ƙurar titi, nakan yayyafa ruwa a daɓen ɗaki, in kashe fanka, in goge tebur da jiƙaƙƙen tsumma. Jirgin kuma in shafe shi da auduga da alkol na farmasi. Ina gama shafa fenti sai in kifa masa wankakkiyar robar wanki, in sa tsinke a ƙarƙashin bakinta don iska ta ɗan shiga. Ba na ɗagawa sai gobe. Wata rana uwargida ta zo neman robarta ta ɗaga, ta ce, "Maigida, ashe jirgin naka ma lulluɓi yake yi?" Washegari na sayo tawa.

A bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, yi fenti da asuba kawai ko ka haƙura. Da damina kuma ƙura ta kwanta, lokacin ya fi kowane daɗi, sai dai kada ka shafa banish ranar da hadari ya haɗo, don laima tana sa shi ya yi fari-fari.

Juya fenti da tsinke sosai, har gindin gwangwani. Tsinka shi ya koma kamar madara, ba kamar koko ba. Shafi uku masu sirara sun fi ɗaya mai kauri. Na farko zai fito da dabbare-dabbare har ka ce ka ɓata aikin. Kada ka koma kansa yana ɗanye, garin gyaran gira ake rasa ido. Ba shi kwana guda, ka sake, wannan karon burushi ya gitta hanyar da ya bi jiya.

Fara da shuɗin ciki. In ya bushe, rufe iyakarsa da tef, ka shafe sama gaba ɗaya da launin rairayi. Sannan ka zana iyakokin ruwan ƙasa da fensir kana kallon takarda, ka bi layin da burushi mai tsini, ka cike tsakiya. Kada ka ƙirƙiro zanen da kanka, don na gaske tsari guda ake bi daga masana'anta. Farfela baƙa ce, bakin kowane reshenta rawaya. Fitilar bakin fiffiken hagu ja, ta dama kore.

Tambura

Tamburan jirgin da ke cikin kwalin ba sitika ba ne, fata ce siririya bisa takarda, ruwa ke sakin ta. Fenti marar ƙyalli yana da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, iska takan maƙale a ƙarƙashin tambari ya riƙa walƙiya kamar azurfa. Saboda haka shafa banish mai ƙyalli tukuna, ka bari ya bushe.

Yanko ɗaya, tsoma cikin ruwa mai ɗumi kamar daƙiƙa 15, fitar da shi ka ajiye har ya fara zamewa da kansa. Jiƙa wurin da zai zauna, kawo takardar kusa, ka tura shi da jiƙaƙƙen burushi. A zafinmu yana kamewa da wuri, don haka ajiye ruwa kusa, in ya kafe a karkace ka ɗiga masa ya sake tashi. In ya zauna daidai, mirgina audugar kunne daga tsakiya zuwa gefe. Kula da na jela: ja ne ke gaba, wajen hanci, a kowane ɓangare. Kwana ɗaya, sannan ka rufe jirgin duka da banish marar ƙyalli, kafin ka cire tef ɗin gilashi.

Tsufa da ƙura

Jirgin da ya kwana a Kano ya wuce Darfur ba zai isa Masar yana sheƙi kamar motar amarya ba. Kankare bakin fensir da alli mai ruwan ƙasa, ka ɗebi garin da busasshen burushi, ka ja shi daga bututun hayaƙi zuwa baya, yadda iska za ta kwashe shi. Gindin fiffiken hagu, inda matuƙi ke takawa ya hau, ɗiga launin azurfa, lamba 11, da ɗan guntun soso. Amma kada ka kuskura ka sa azurfa a bayan jirgin. Yadi ba ya nuna ƙarfe in ya goge, kuma wanda ya san Hurricane da wannan zai fara kama ka.

Ƙurar da ta wahalar da kai tun farko, yanzu ga ranarta. Kwashi wadda ta taru a bakin taga, mai laushi kamar hoda, ka shafa a tayoyi da cikin jirgin da bakin matatar Vokes. In za ka yi masa fili, karɓi guntun falanki wajen kafinta, shafa farin gam, ka barbaɗa wannan ƙurar ta cikin tsohon kallabi. Kada rairayin Gulbi ya ruɗe ka: ƙwayar yashi mai milimita ɗaya, a ma'aunin 1/72 dutse ne mai santimita bakwai, babu matuƙin da zai sauka a kai.

Yanzu ka liƙa ƙafafu, ka bar jirgin a kwance rigingine har su kama. Wayar eriya, riƙe guntun reshe bisa kyandir kana juyawa, in ya yi laushi ka janye daga wuta ka ja hannu biyu a hankali, zai miƙe ya zama zare. Na farko da na biyu za su tsinke, na biyar zai yi.

In hannunka ya faɗa, Heller ta Faransa tana da Noratlas a 1/72, irin jirgin dakon da sojojin saman Nijar suka yi aiki da shi, mai jela biyu. Faɗinsa zai kai santimita 45, kuma da yake tayarsa ta uku a gaba take, sai ka cusa ƙwallayen boris daga wajen bakanike a cikin hancinsa kafin ka rufe, in ba haka ba ya zauna da gindi.

Ɗan ƙanwata da ya ga Hurricane ɗin ya kammala, tambayarsa ta farko ita ce, "Kawu, in na jefa shi zai tashi?" Tun ranar yake zaune cikin kabad mai gilashi, a saman jeren kwanonin uwargida, nesa da taga don rana tana cinye launi. Ko a can ƙura tana samun hanya. Duk ranar Juma'a nakan fito da shi in share da busasshen burushi mai laushi, ina riƙe da shi ta gindin fukafukai, ba ta jela ba.